Kafin Ka Ce Kwamfutarka Ta Mutu

Laccar da aka gabatar wa ɗalibai da masu shagunan kwamfuta na Birnin Kudu da Gwaram

 



Maganar da na zo da ita guda ce. Yawancin laftop ɗin da ke jibge a ɗakunanmu, waɗanda aka yanke wa hukuncin tsufa ko mutuwa, da ransu. Abu ɗaya ko biyu ne ya gaji a cikinsu, kuma sau tari abin bai kai tafin hannu girma ba. Sai dai akwai kuma abin da ba ya canzuwa ko nawa ka zuba, kuma a nan ake yi wa mutanenmu sakiyar da ba ruwa. Wanda ya rarrabe waɗannan biyun ya tsira daga asara biyu: jefar da mai rai, da kashe kuɗi a kan gawa.

A da, laftop a garin nan kayan manyan ma'aikata ce. Yanzu zance ya sha bamban. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, WAEC ma ta soma bin sahu a 2024. Ɗalibar da ke koyon aikin jinya a nan Birnin Kudu, da yaron da ya samu gurbi a Jami'ar Tarayya ta Dutse ko ta Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ba mai karɓar takardar gamawa sai ya buga furojet. Ga mai shagon da ke yi wa jama'a rajista a intanet, ga mai haɗa bidiyon biki. Ranar da laftop ta tsaya kuwa, hanya ɗaya muka sani: a shiga mota, a bi ta Kwanar Huguma da Wudil, a sauka Kano, a nufi titin Beirut ko Farm Centre. Kuɗin mota zuwa da dawowa, ga yini ya tafi, a kan aikin da wani lokaci bai wuce kwance noti da minti goma ba.

Kusan duk wanda ke zauren nan ta hannu yake riƙe da ita, wadda 'yan kasuwa ke yi wa kirari da 'yar Landan. Ba abin kunya ba ne, ni ma ita nake riƙewa. Bankuna da kamfanonin Turai da Amurka kan sauya wa ma'aikatansu kwamfuta bayan shekara uku zuwa biyar, dillalai su kwashe, a loda a kwantena zuwa Legas, daga Computer Village ta Ikeja kayan su hauro Kano. Shi ya sa sunayen da kuke ji kullum ba sa wuce HP EliteBook da ProBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad. Don ofis aka ƙera su, da niyyar injiniyan kamfani zai riƙa buɗewa yana canza kaya, kuma wannan ne ya sa suka dace da mu fiye da wasu sababbi masu ƙyalli. Amma kwantena ba alheri kaɗai take ɗaukowa ba. Binciken da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar a tashoshin ruwan Legas a 2015 da 2016 ya nuna kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa a shekara, kuma aƙalla tan 15,000 daga ciki matattu ne tun daga can. Don haka mai saye sai ya buɗe ido.

Ga guda na kifa a kan tebur, EliteBook 840 G3, ƙirar 2016. Na zare caja, na kwance notocin baya, na ɗaga murfin. Na baya ku matso, ba ta cizo. Wannan baƙin shimfiɗaɗɗen abin shi ne batir, kuma shi ake fara cirewa kafin a taɓa komai. Faffaɗan allon da komai ke manne a jikinsa shi masu gyara ke ce wa bod. Ga fanka, ga wani lanƙwasasshen bututun jan ƙarfe ya taso daga bakinta ya je ya kwanta a kan wani ɗan murabba'i. A ƙarƙashinsa firosesa take. Ga gurbin RAM guda biyu, ɗaya da kaya, ɗaya fanko. Wannan ɗan akwatin ƙarfen na kusurwa shi ne ma'ajiya, HDD. Ga ɗan katin Wi-Fi da siraran wayoyinsa biyu. Shi ke nan. Abin da ake razana mu da shi bai wuce haka ba.

Don a gane aikin uku daga cikinsu, ku dubi uwargida tana tsintar shinkafa. Rumbu shi ne ma'ajiya: komai na ciki, ko an kwana an tashi yana nan. Tiren da take ɗiba a kai shi ne RAM: abin da ake aiki a kansa yanzu-yanzu kaɗai yake ɗauka, da an tashi a juye shi. Hannunta kuwa shi ne firosesa. In tiren ƙarami ne, komai zafin hannunta sai ta yi ta zarya tsakaninsa da rumbu. In kuma rumbun yana can bayan gida, ƙofarsa na cijewa, zaryar ce za ta cinye yinin. Ciwon yawancin kwamfutocinmu ke nan: hannun lafiya lau yake, tiren ne ƙarami, rumbun kuma da nauyin buɗewa. Mu kuwa hannun muke ta zargi.

Da ma'ajiya zan fara, domin in kuɗinka na abu ɗaya ne, nan za ka kai shi. A cikin HDD faifai ne na gaske yake juyawa, sau 5,400 a minti, wato sau 90 a daƙiƙa guda, da wani ɗan hannu mai tsini yana shawagi a kansa, tazarar da ke tsakaninsu ko ƙwayar ƙura ba za ta shige ba. IBM ce ta fara fito da shi a 1956. A lokacin nauyinsa ya kusa tan guda, abin da yake ɗauka kuma bai wuce mega 5 ba, hoton waya ɗaya ko biyu ke nan na yau. An yi ta ƙanƙanta shi har ya dawo haka, amma dabarar tana nan yadda take. To, wanda ya ɗaga kwamfuta tana kunne ya dangwarar, ko ya rufe murfi ya cusa ta a jaka kafin faifan ya tsaya, ya haye babur ya bi hanyar ƙauyen da damina ta zaizaye, shi ya san abin da ya jawo. Ranar da kuka ji tana ƙas, ƙas, ƙas daga ciki, kada ku jira gobe. Ku kwashe abin da ke ciki a ranar.

SSD ba abin da ke motsi a cikinsa, irin ma'ajiyar wayarku ce. HDD mai lafiya yakan karanta wajen mega 100 a daƙiƙa. SSD nau'in SATA yana yin 500 da ɗoriya, nau'in NVMe kuma ya haura 3,000. Amma ba ma wannan lissafin ke sa ka ji bambanci a jikinka ba. Lokacin da Windows ke tashi, dubban ƙananan fayiloli take nema a warwatse, ɗan hannun HDD kuwa sai ya je wurin kowanne, ɗaya bayan ɗaya. SSD ba inda yake zuwa, nan take yake miƙowa. Kwamfutar da kan yi minti biyu ko uku tana miƙa kafin ta farfaɗo, sai ka ga ta tashi tun ba ka gyara zama ba. Ban san wani gyara da ke kawo irin wannan canji da kuɗi kaɗan kamarsa ba.

A nan ne babbar lamba ke ruɗar mutane. Ɗan kasuwa zai ajiye maka biyu, ya ce, "Yallaɓai, wannan tera ɗaya ce cur, waccan giga 256 ce kawai." Ido sai ya tafi ga babbar. In tera ɗayar HDD ce, 256 ɗin kuma SSD, ɗauki ƙaramar ka yi gaba. Takardun karatunka na shekara huɗu ba za su cika ko kashi ɗaya cikin goma ba. Tsohon faifan kuma kada a yar: akwai ɗan gida mai wayar USB da ake sayarwa, a zura shi ciki ya zama ma'ajiyar waje, a zuba masa bidiyo da karatuttukan malamai.

Ana yin SSD a siga biyu. Akwai mai girman HDD, inci biyu da rabi, wanda ke shiga gurbin tsohon daidai wa daida. Akwai kuma siririn nan da ake kira M.2, ga shi a hannuna. In kun ga an rubuta 2280 a jikinsa, faɗinsa milimita 22 ne, tsawonsa 80. Tarkon shi ne, M.2 na SATA da M.2 na NVMe kusan kamarsu ɗaya, kuma ba kowane bod ke karɓar duka biyun ba. Sai ka saya, ya zauna a gurbi lafiya, kwamfuta ta ce ba ta gan shi ba. Ka rubuta cikakken sunan na'urarka a intanet, ka sauke littafin gyaranta. HP da Dell da Lenovo duk suna ajiye shi kyauta. Sannan a guji mai sunan da ba a taɓa ji ba, mai arahar da ta wuce hankali. Akwai na jabu da ke nuna tera ɗaya alhali cikinsa bai kai ba, ka yi ta zuba kaya yana haɗiyewa, ranar buɗewa ka tarar da wayam. Araha dai ba ta ado. Kuma SSD ba ya yin ƙas-ƙas ya yi maka kashedi, rana ɗaya yake ɗaukewa. Ƙanwata mai rubuta furojet, ki riƙa tura wa kanki kwafi ta imel duk daren da kika ƙara shafi.

Sai RAM. Kafin ka kashe ko sisi, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. A can za ka ga yawan RAM ɗinka, da nawa ake ci yanzu, da gurbi nawa aka cike cikin nawa. In kana aikinka na kullum ka ga ya haura kashi 80 cikin 100, tiren ya yi kaɗan. Giga 4 a yau wahala ce zalla, domin Windows kaɗai tana cinye fiye da rabi tun ba ka buɗe Chrome ba. Giga 8 ta ishi ɗalibi da mai buga takardu. Mai haɗa bidiyo ko mai aikin CorelDRAW da Photoshop ya nemi 16. Abin da ya wuce nan, ga yawancinmu, ƙawa ce.

RAM dangi-dangi ne, kuma ba sa shiga gurbin juna. Ku dubi gefen nan mai haƙoran zinariya, akwai wata 'yar tsaga. A DDR3 wuri daban take, a DDR4 daban, a DDR5 daban. DDR3 na laftop haƙora 204 gare shi, DDR4 260, DDR5 262. In ya ƙi shiga, ba ƙarfi yake so ba, ba nasa ba ne. Wanda ya fi cin mutane shi ne DDR3 da DDR3L, domin su tsagarsu ɗaya. Na farkon da bolt 1.5 yake aiki, na biyun da 1.35, kuma yawancin kwamfutocin da suka fito daga 2013 zuwa 2015 mai L ɗin kaɗai suke karɓa. Karanta takardar da ke manne a jikinsa: PC3 shi ne DDR3, PC3L shi ne DDR3L, PC4 shi ne DDR4. Mafi sauƙi, ciro naka ka ɗauki hotonsa, ka nuna wa mai shago. Guda biyu masu giga 4 sukan ɗan fi guda ɗaya mai giga 8 sauri, domin ta hanya biyu bayanai ke gudu, amma mai niyyar ƙarawa gaba ya sayi guda mai 8 ya bar gurbi.

Ga yadda ake sa shi. A riƙe ta gefe, kada yatsa ya taɓa haƙoran. A zura shi a karkace, tsaga ta dace da tsaga, sannan a danna ƙasa har ƙarafunan gefe biyu su ce ƙyas. Kun ji? Aikin ke nan da ake hawa mota dominsa. Amma a lokacin hunturu a yi hattara. Kun san wutar nan da ke tartsatsi in ka yaye bargo da dare, ko ta ɗan fizge ka in ka taɓa ƙofar mota. Kai ba ta yi maka komai, amma tana iya kashe RAM ko bod ba tare da ka ga ko hayaƙi ba. Ka taɓa ƙarfen taga ko na ƙofa kafin ka sa hannu, kuma kada ka buɗe kwamfuta a kan bargo ko darduma.

Wani abu kuma, RAM ya yi tsada tun daga ƙarshen 2025, kuma ba laifin ɗan kasuwar Kano ba ne kaɗai. Kamfanoni uku, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, su ke yin kusan duk RAM na duniya, kuma sun karkata ga manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira da ke biyan kuɗi ba ciniki. Saboda haka RAM ɗin da ke cikin matacciyar kwamfutarka dukiya ce, kada ka haɗa da shi ka ba 'yan gwangwan.

Yanzu ga abin da ba ya canzuwa. Duk wanda ya ce zai ɗaga maka firosesa daga i3 zuwa i7 a laftop ɗin da aka yi daga 2015 zuwa yau, riƙe aljihunka. A da ana zaunar da ita a gurbi, a ɗaure da noti. Yanzu da dalma ake like ta a jikin bod tun daga masana'anta. Haka katin hoto. A sirara masu kyan gani, har RAM ɗin ma a like yake. Apple ta yi haka a MacBook Pro mai sikirin Retina a 2012, wasu suka bi. Akwai kuma ƙananan nan sababbi fil masu launi-launi, masu firosesar Celeron da ma'ajiyar eMMC giga 32 ko 64, irin su HP Stream. Iyaye na son su domin a kwali suke zuwa. Kyan ɗan maciji ne. Yadda ka saye ta haka za ta ƙare, ba wurin ƙara komai, kuma sabunta Windows kaɗai ya isa ya cike cikinta.

Tunda firosesa ba ta canzuwa, ranar saye ake zaɓenta, kuma ba da 'yar takardar da aka manna kusa da kibod ake zaɓe ba. "Alhaji, i7 ce fa!" To, i7 ta yaushe? Intel zubi-zubi take fitar da su, abin da 'yan kasuwa ke kira jenareshan, kuma lambar da ke bin sunan ita ke faɗa. i5-6300U, irin ta kan teburin nan, zubi na shida ce. i5-8250U na takwas. i5-10210U na goma, i5-1135G7 na sha ɗaya. Ga abin da ba a gaya muku: i7-7500U ƙwayar aiki biyu ke cikinta, ita kuwa i5-8250U da ta fito a 2017 huɗu gare ta. Wato i5 ta zubi na takwas ta kere i7 ta zubi na bakwai nesa ba kusa ba, amma a kasuwa sau da yawa mai lamba bakwai ɗin ake tsawwala wa kuɗi.

Zubi na takwas yana da wani muhimmancin kuma. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta janye tallafin yau da kullum daga Windows 10. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a 2021, sharaɗinta firosesar Intel zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen ta AMD daga jerin 2000, da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce kamfanonin Turai suna ta sauke 'yan zubi na shida da na bakwai, kuma kun san inda za su sauka. Za ku gan su tsaf-tsaf, da araha, har da Windows 11 a kai, domin akwai dabarar tsallake sharaɗin. Tana aiki, amma Microsoft ba ta yi alkawarin ci gaba da aiko mata da sabuntawa ba. Shawarata: mai irin wannan a hannu kada ya tayar da hankalinsa, ya sa SSD da RAM ya ci gaba da aikinsa, in ma yana da ƙarfin hali ya gwada Linux Mint, kyauta ce kuma tana tafiya sumul a kan tsofaffi. Amma mai fitar da kuɗi yau ya daure ya cika ya sayi ta takwas: EliteBook 840 G5, Latitude 5490 ko 7490, ThinkPad T480. Wannan T480 ɗin ta 2018, gurbin RAM biyu gare ta. Ƙanwarta T490 an like ɗaya an bar ɗaya. Kun ga inda duniyar ta dosa.

Sai abin da ya fi shafar mu nan ƙasar, zafi da ƙura. Wanda ya zana waɗannan na'urori ofis mai sanyi ya hango, bai san watan Afrilu a Gwaram ba, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a inuwa. Firosesa in ta doshi digiri 100 takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Shi ya sa za ka ga kwamfuta da safe garau, bayan azahar ta koma rarrafe, fanka na ta kuka. Ku dubi nan, tsakanin fanka da waɗannan siraran haƙarƙarin ƙarfe da iska ke fita. Bari in zaro da tsinke. Kun ga wannan dunƙulen mai kama da auduga, ruwan ƙasa? Ƙurar hunturu ce da zaren tufafi suka haɗu suka toshe hanya. A share shi da burushi mai laushi bayan kowane hunturu, a riƙe fankar da yatsa in za a hura iska. Ƙarƙashin bututun jan ƙarfen kuma akwai wani ɗan mai toka-toka da ke miƙa zafi daga firosesa zuwa bututun. In ya shekara uku ko huɗu yakan bushe ya farfashe. A goge, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, kada a lafta. Kuma don Allah a daina ɗora ta a kan katifa da filo. Ta ƙasa take shaƙar iska.

Batir shi ma zafin ne ajalinsa. Irin na lithiyam ne, wanda Sony ta fara sayarwa a 1991, kuma bayan caji 300 zuwa 500 ƙarfinsa yakan soma ja da baya. Abin da ya fi saurin tsufar da shi shi ne a bar shi cike maƙil a wuri mai zafi, wato daidai abin da mai shago ke yi in ya jona tun safe har dare. Lenovo da Dell da ASUS suna da wurin da za ka ce caji ya tsaya a kashi 80 ko ƙasa. Mai yini a jone ya kunna wannan. In za ka san gaskiyar batir, buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai fito maka da lamba biyu, abin da batirin ke ɗauka yana sabo da abin da yake ɗauka yau. Mai shago zai ce awa biyar take yi. Wannan shafin ba ya cika baki. In kuma ka ga wurin linzami ya ɗago, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batir ne ya kumbura. A cire shi a ranar, kada a huda, kada a matse, kada a jefa a wuta.

Caja kuwa, ita ake rainawa, ita ke kashe bod. Juya bayanta ka karanta. Ta HP da ta Dell yawanci bolt 19.5 ce, ta Lenovo 20. In ka ninka bolt da amfiya ka samu wat: 19.5 sau 3.33 ya ba ka 65. Bolt dole ya zo daidai. Wat in ya ɗara ba laifi, in ya gaza ne matsala. Don bakin caja ya shiga rami ba shi ke nuna tata ce ba. Dell ma wani siririn tsinke gare ta a tsakiyar baki da kwamfutar ke gane cajarta da shi. In ba ta gane ba sai ta ƙi cajin batir, ta kuma rage gudu, mai ita ya yi ta neman aljanin da ya shige ta. Cajar asali ta hannu ta fi sabuwar jabu, kuma a hannu za ka ji, ta asalin ta fi nauyi. Ƙarancin wuta bai cika damun caja ba, an rubuta a jikinta tana karɓar 100 zuwa 240. Abin tsoro shi ne lokacin da KEDCO ta dawo da wuta da ƙarfi, da lokacin da ƙaramin janareta ke shure-shuren ƙarewar mai, da tsawar damina. A waɗannan lokuta uku a zare. Masu sola kuma, akwai cajar da ke ɗaukar bolt 12 kai tsaye daga batir ta ba laftop, ba sai an bi ta inbata an yi asarar wuta a hanya ba.

Sikirin da kibod ana canza su, ba zan daɗe a kai ba. A duba lambar da ke bayan sikirin da yawan haƙoran wayarsa, 30 ne ko 40. Kibod ɗin da ya zo daga Faransa ko Jamus haruffansa a sauye suke, a lura kafin a biya.

Ranar saye, kada kunya ta hana ka zama a shagon rabin awa. Kunna ta ka shiga BIOS, F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. In ta nemi kalmar sirri, ajiye ta, kamfanin da ya sayar bai buɗe ta ba. Jona ta da intanet a gabansa, domin wasu sai sun ji intanet suke tuna sunan tsohon kamfaninsu su kulle. Sa CrystalDiskInfo ya gaya maka awa nawa ma'ajiyar ta yi tana aiki da lafiyarta. Gwada kowane rami, kowane harafi, da kyamara. Sannan ka nemi a buɗe bayanta ka gani da idonka. Wanda ya ƙi buɗewa ya ba ka amsa.

Ƙannena matasa, Jigawa ba baƙuwar kwamfuta ba ce. Tun farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka kafa makarantar kwamfuta a Kazaure, lokacin da jihohi da yawa ba su farka ba. Mun samu masu takardar shaida da dama. Inda muka yi sakaci shi ne sukundireba. Jarin wannan sana'a bai kai na kes ɗin waya ba: saitin ƙananan sukundireba, mita, burushi, man firosesa, filas mai Windows, da matacciyar laftop ɗaya da za ka yi ta kwancewa kana ɗaurawa har hannunka ya faɗa. Ina so in ga mata a ciki, domin akwai ɗalibai da matan aure da yawa da ba sa sakin jiki su miƙa wa namiji kwamfutar da hotunansu ke ciki, kuma suna da hujja.

Wannan ya kawo ni kan amana. Wanda aka miƙa wa kwamfuta an miƙa masa sirrin gida. Ba ruwanka da hotuna, ba ruwanka da saƙonni. Akwai kuma ɓata-garin da za a kawo musu gyaran kibod su zare RAM mai giga 8 su mayar da mai 4, ko su musanya batir. A gari irin namu da kowa ya san gidan su kowa, sau ɗaya za ka yi wannan ka rufe shago. Kai kuma mai kaya, ɗauki hoton cikinta kafin ka bayar. In za ka sayar, goge fayil kaɗai bai isa ba, ana iya dawo da shi. A wanke ma'ajiyar gaba ɗaya ko ka cire ta ka riƙe. Matattun batura kuma a tara su wuri guda mai inuwa, nesa da yara, kada su bi shara zuwa bola inda ake cinna wuta, domin fashewa suke yi, hayaƙinsu kuma guba ne.

Waɗanda suka zo da nasu su jera su a teburin hagu. Kowa ya kashe tasa gaba ɗaya, ba rufe murfi ba, ya zare caja, ya rubuta sunansa da lambar firosesarsa a takarda ya ɗora a kai. Za mu fara da masu HDD, kuma mai ita ne zai riƙe sukundireba, ni ina tsaye a gefe.